Bishiyar Mama ta kusa ja min

Asabar, 14 ga Disamba, Lids, Ingila

Da sassafe Mama mai gidanmu ta ƙwanƙwasa min ƙofa, wai bishiyar Kirsimeti ta iso, in zo mu kama. Ni ba Kirsimeti nake yi ba, ita ma ta sani, amma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, 'ya'yanta sai ana jibi biki za su zo. Wa zai hau mata tsani in ba ni ba?

Irin da ake kira Nodman ta saya, don ba ta cika zubar da ganye ba. Muka kafa ta gaban taga a cikin wani ƙaramin kasko mai sukurori, Mama ta ce in zuba mata ruwa, ɗanyar bishiya tana iya shan lita guda a yini. Na cika kaskon fal, na rufe gindin da jan ƙyalle, na hau tsani ina nannaɗa fitilu. Ita kuwa tana zaune tana ciro ƙwallayen gilas daga tsofaffin jaridu, kowanne da labarinsa. Wai tun 1848, da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat tsaye gaban tasu bishiyar, kowa a ƙasar nan ya ce shi ma sai ya yi.

Na sauko bayan magariba, wadda yanzu kafin ƙarfe huɗu ake yin ta, sai na ji safata ta jiƙe. Na ɗaga ƙyallen. Ashe kaskon ya yi ambaliya tun safe, ga wani farin tabo kamar faifai a kan katakon. Gabana ya faɗi. Wannan daɓen katakon shi ne abin alfaharin Mama. An gina gidan a shekarun 1890, allunan na itacen fayin ne, sun yi ja kamar zuma, har sun lotsa a bakin ƙofa saboda tafiya.

Ta sa tabarau ta leƙa. "Fari ne ko baƙi, 'yata?"

"Fari ne, Mama. Ki yi haƙuri."

"To da sauƙi. Ɗauko min abin busar da gashi."

Ina durƙushe ina hura iska mai ɗumi, tana yi min bayani. Farin tabo danshi ne da ya maƙale a cikin abin da aka shafe katakon da shi, bai kai ga itacen ba. Baƙi shi ne masifa, sai an kankare. Nata shelak ne, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a Indiya da Tailan, a narka shi da sifirit a shafa, a bi da kakin zuma. Ba ya son ruwa ko kaɗan, amma inda ya ɓaci nan kawai ake gyarawa. Ɗanta ya daɗe yana matsa mata a zuba foliyuritan, mai ƙyalli kamar leda, wanda ruwa ba ya yi masa komai. Ta ƙi. In ya karce, in ji ta, sai an kwashe kayan ɗaki kaf an bi da inji. Da safe da na bi bayan ɗan nata. Yanzu kam ina wajenta.

Ƙamshin kakin ya tuna min ranar da ake daɓe a ɗakin Inna, mata sun jeru da madaɓai, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi. Na ba Mama labari, ta sa na maimaita mata "makuba" sau uku, ba ta dai iya ba.

Tabon ya dushe, sai ka ƙura ido za ka ga inuwarsa. Mun tura farantin tanda a ƙarƙashin kaskon. Gobe kuma wai zoben ganye na ado za mu rataya a ƙofa, kuma ta riga ta gargaɗe ni kada in kusanci ƙofarta da ƙusa.