Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Ɗauki Hoton Ƙwaƙwalwar Ɗana

A makon jiya na tsaya da labarin ne a inda aka zura wa jaririna, wanda aka haifa da ciwon zuciya, siririn bututu ta cibiya, aka faɗaɗa ƙofar da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa na sama, har shuɗin leɓensa ya fara ja da baya. Kwanansa huɗu a duniya sai likita ta ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar MRI kafin babbar tiyata.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Likita, ai zuciya kuka ce. Me kuma ya kawo maganar kai?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Maman yaro, kwantar da hankalinki, bari in zana miki." Ta yi bayani cewa lokacin da jariri yake ciki, jinin da ya fi wadatar iskar oksijin yana tahowa daga mabiyiya ta igiyar cibiya, ya ratsa zuwa ɓangaren hagu na zuciya, daga nan a harba shi sama zuwa kai. Shi kuwa ɗana, manyan jijiyoyin jini biyu da ke fita daga zuciyarsa sun yi musayar wuri, don haka jinin nan mai kyau ya riƙa kauce wa hanyar ƙwaƙwalwa. Kuma a watanni ukun ƙarshe na ciki ne ƙwaƙwalwa take girma da sauri, tana naɗewa, zarurukanta suna miƙewa suna haɗa wannan sashe da wancan. Ƙwayoyin halittar da za su yi wa zarurukan riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ba sa jure ƙarancin oksijin.

Wata da watanni ina jin motsinsa, ina murna, ashe abin da ke faruwa ke nan.

Ba a yi masa allurar barci ba. Aka bari ya sha nono ya ƙoshi, aka naɗe shi, aka toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar, barci ya kwashe shi. Ni da babansa muka zauna a waje, ba wanda ya ce uffan.

Washegari ta nuna mana hoton. Duk da sai da ya cika wata tara aka haife shi, ƙwaƙwalwarsa ta yi kama da ta jaririn da saura makonni a haife shi, ga kuma wani ɗan ɗigo a cikin farin sashen da zarurukan suke bi. Na'urar har tana iya bin yadda ruwa ke motsi a jikin zarurukan, ta haka ake gane ko hanyoyin sun yi ƙwari ko da saura. Ta ce ba a kansa farau ba. A 2007 masu bincike a San Faransisko ta Amurka sun nuna cewa jarirai masu irin wannan ciwo suna da alamun da suka yi kama da na bakwaini tun kafin wuƙa ta taɓa su, a 2009 kuma wasu a Filadelfiya suka auna jinkirin ya kai kusan wata guda. A da, tiyatar ce ake ɗora wa yawancin laifin.

Nan tambayar da ta hana ni barci ta fito. "Wani abu na yi ne? Ko wani abu na bari ban yi ba?"

Ta ce zuciya tana gama ɗaukar siffarta a makonni takwas na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da matsalar zuciya, kuma a mafi yawansu ba a iya nuna dalili guda. Na yi kuka sosai, irin kukan da ke sauke nauyi daga ƙirji.

Babansa shi gaba yake hangowa: zai yi magana? Zai yi karatu? Ba ta yi mana alkawarin banza ba, kuma har yau ina ganin girmanta saboda haka. Ta ce a Boston ta Amurka an bi yara masu irin ciwonsa tun daga tiyata har suka zama matasa. Yawancinsu basirarsu tana daidai da ta sauran yara, amma an fi samun wahalar mayar da hankali da tsara aiki a cikinsu. Shi ya sa tun 2012 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa duba ci gaban irin waɗannan yara a kai a kai, kada a tsaya a sauraron bugun zuciya kawai. Iyaye 'yan'uwana, ku riƙe wannan, ku tambaya ko da ba a ce muku ba.

Daren jajibirin tiyata wata nas ta ɗaga wayoyin da ke jikinsa a hankali, ta kwantar min da shi a ƙirji, fata da fata. Ta ce, "Yi masa magana, tun yana ciki ya san muryarki." Na yi ta yi masa addu'a a kunne har asuba. Da gari ya waye za a mayar da jijiyoyin nan kowace mazauninta, aikin da likita Adib Jatene ya fara yin nasara a kansa a Brazil a 1975.

Ƙarfe bakwai suka turo gadon. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.