Laraba: tutiya, jan ƙarfe da bolt 1.10

Tun kafin ɗalibai su shigo yau ina ɗakin gwaje-gwaje, ina goge 'yan faifan tutiya da na jan ƙarfe da samfefa. Aiki ne mai cin rai, amma ba makawa, domin ƙarfen da ya daɗe a ajiye yakan yi wata fata dushi-dushi a samansa, ita kaɗai kuwa ta isa ta ɓata awo. Na haɗa ruwan salfet na tutiya, wanda ba shi da launi, da na jan ƙarfe mai shuɗin nan mai ɗaukar ido, kowanne mol 1 a lita (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari). Sai na yanyanka takardar tacewa na jiƙa a ruwan naitiret na fotasiyam, ita ce gadar gishirinmu.

Batirin Daniell muka haɗa, wanda John Frederic Daniell ya ƙirƙira a Landan a 1836. Kofin gilashi biyu, tutiya a ruwanta, jan ƙarfe a nasa, waya daga kowanne zuwa mitar auna bolt, gada a tsakani. Littafi ya ce bolt 1.10. Yawancin rukunonin sun samu 1.07 ko 1.08, na kuma ce musu su rubuta abin da mita ta nuna, kada kowa ya gyara lamba don ta yi daidai da littafi. Lambar littafi tana da sharuɗɗanta: zafi digiri 25, ruwa mol 1 a lita cif, ƙarfe tsantsa. Mu ba mu cika su duka ba.

Wani rukuni a baya suka kira ni wai mitarsu ta lalace, sifili take nunawa. Da na leƙa sai na ga bakin gadar ɗaya ya zame, yana reto a gefen kofi bai taɓa ruwa ba. Ban gyara musu ba. Na ce ɗaya ya sa ido a kan mita, ɗaya ya tsoma takardar a hankali. Tana taɓa ruwan lamba ta yi tsalle, su ma suka yi ihu. Nan na tsaya na yi bayani: tutiya tana sakin ilektiron biyu-biyu tana narkewa, don haka kofinta yana cika da caji mai alamar tarawa, a ɗaya kofin kuma ayon na jan ƙarfe, wato ƙwayoyinsa masu caji da ke cikin ruwan, suna karɓar ilektiron suna mannewa a faifai, suna barin salfet a baya. In babu hanyar da ayon za su bi su daidaita wannan rinjaye, komai tsayawa yake nan take.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan da daren nan kuwa tambayar wata yarinya ce, wadda ba ta cika magana a aji ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, teburin bolt na littafi ya ce tutiya −0.76, jan ƙarfe +0.34. To mu auna tutiyar ita kaɗai mana, mu ga −0.76 ɗin." Na ce bismilla, ga mita. Ta maƙala waya ɗaya a tutiya, ta riƙe ɗayar a hannu tana neman inda za ta sa. Ta dube ni. "Malam, wannan fa?" Wallahi na ji daɗi har cikin raina, domin da hannunta ta kamo abin da nake ta faɗa da baki ba ya shiga. Mita bambanci take aunawa tsakanin wurare biyu. Ko ta tsoma wayar cikin ruwan, ƙarfen wayar ya zama rabin batir na biyu ke nan. Ba a sanin ƙarfin mai jan igiya sai da wani a ɗaya bakin. Shi ya sa masana suka yi yarjejeniya suka zaɓi ma'auni guda: faifan filatinam cikin ruwan asid mai ayon na haidirojin mol 1 a lita, ana busa masa iskar haidirojin, suka ce wannan shi ne sifili. Duk lambobin teburin nan da shi aka gwada su. Ashe −0.76 na nufin in aka haɗa tutiya da haidirojin, ita ce za ta ba da ilektiron, kuma ratar da ke tsakaninsu bolt 0.76 ce.

Don maganar ta zauna, sai na ɗauko ɗan ruwan naitiret na azurfa da siririyar wayar azurfa da nake tattali, muka cire tutiya muka sa azurfa a madadinta. Azurfa +0.80 ce, saboda haka 0.80 a debe 0.34, saura 0.46. Mita ta nuna kusan haka, amma da alamar debewa, sai da muka juya wayoyin. Jan ƙarfen da ɗazu yake karɓa, yanzu shi ke bayarwa. Ƙarfen bai canza ba, abokin haɗinsa ne ya canza. Wannan ne dalilin da ya sa na zaɓi naitiret a gada tun da safe: da kulorayid na sa, da ya haɗu da azurfa ya yi farin laka ya toshe hanya.

Wani yaro ya kawo lissafinsa, ya ninka 0.80 sau biyu saboda ana buƙatar ayon biyu na azurfa ga kowane jan ƙarfe ɗaya. Ba a ninkawa. Bolt ƙarfin tura kowane caji ne, ba ruwansa da yawan abin da aka zuba. Babban batir da ƙarami masu sinadari iri ɗaya bolt ɗinsu ɗaya, sai dai babban ya fi daɗewa.

Abin yana damuna yadda ake sa yara haddace teburin nan daga litiyam −3.04 har zuwa fulorin +2.87 tamkar jerin sunaye, su ci jarrabawa su manta. Alhali a cikinsa ake ganin dalilin da ya sa batirin waya ya dogara da litiyam, da dalilin da ya sa ake lulluɓe baƙin ƙarfe da tutiya: baƙin ƙarfe −0.44 ne, tutiya ta fi shi saurin bayarwa, sai ita ta lalace, shi kuma ya tsira daga tsatsa. Shekaru 36 ne kacal tsakanin tulin faifan Alessandro Volta na 1800, wato batir na farko, da batirin Daniell, kuma dukansu sun yi aikinsu ba su san akwai ilektiron ba, sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi.

Kafin a tashi na jefa guntun tutiya kai tsaye cikin shuɗin ruwan a kwalbar gwaji, aka zaga da ita hannu-hannu. Tutiyar ta yi duhu, shuɗin ya fara koɗewa, kwalbar ta ɗan yi ɗumi. Abin da ke faruwa a batir ne sak, sai dai a nan ilektiron ba su bi waya ba, ƙarfin da zai iya yin aiki, kimanin kilojul 212 a kowane mol, ya tafi a zafi.

Gobe in Allah ya kai mu za mu sirka ruwan jan ƙarfen ninki goma. Lissafin Nernst, wanda ke nuna yadda bolt ke canzawa idan yawan sinadarin ruwan ya canza, ya ce bolt zai sauka da kusan 0.03 kawai, don haka dole in nemo mitar da ke nuna lamba uku bayan ɗigo, in kuma sake goge faifan da sassafe.