Jakar ledar fiya wata: inda na kai a mako na 5

'Yan uwa masu koyon kwarashi, sannunku da ƙoƙari. Gindin jakar nan dai ya kammala, na fara hawa jikinta, zuwa daren jiya na yi layi 9.

Makon farko da na biyu kusan duk a banza suka tafi, saboda yankan da nake yi. Ina datse sama da ƙasan ledar, in yanka ta zobe-zobe, in sarƙa su. Ledar sayayya ta yarda da haka don tana da faɗi, amma ledar ruwa ƙarama ce kuma mai kauri, sai zaren ya cika da ƙulli, kwarashi na ta tuntuɓe. Yanzu zagaye nake bi da almakashi, kamar mai feraye lemo, faɗin ɗan yatsa. Leda ɗaya sai ta ba ni tsiri guda dogo. Na kuma ajiye kwarashi mai milimita 4 na koma mai 6. Da ƙaramin, saƙar matsewa take yi har gindin ya kwaɓe kamar kwano, ga ciwon yatsa.

Wanki ne babban aikin, kada wanda ya raina shi. A buɗe ledar, a wanke da omo, a shanya ta bushe sarai. Na yi gaggawa sau ɗaya na naɗe da danshi, bayan kwana 3 wari ya sa na zubar da curi guda.

Daga bakin shagunan cikin jami'a nake tarawa bayan lakcar azahar. Wata mai shara, Allah ya saka mata, yanzu ware mini take yi a buhu. Ita ta lurar da ni cewa gwangwanin lemo ba ya kwana a ƙasa: 'yan bola jari na kwashewa, a kasuwar Panteka a narka shi a zuba tukunya da ludayi. Gorar roba kuma masu zoɓo da kunun aya na jiranta. A ƙauyen Sabon Yelwa da ke kusa da Kaduna ma an gina gida da gorunan da aka ɗura wa yashi tun 2011. Ledar ruwa ce marainiya. Iska ta kai ta kwata, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya, ko a tara a cinna mata wuta mu shaƙi hayaƙin har cikin aji. Abin yana ci mini rai.

Don haka ma na daina ƙona bakin zaren da ashana, cusa shi nake yi cikin saƙar.

Saura hannun jaka. Ledar tana miƙewa in ta ji nauyin littattafai, ina tunanin saƙa ta a kan tsohuwar igiyar shanya. Wadda ta taɓa gwada haka, don Allah ta gaya mini ko yana riƙewa kafin in yanke.