Sifilin da na ɓoye ya jawo mini jin kunya

Har yanzu idan na tuna sai raina ya sosu. Rahoton wata-wata ne na kayan da ke fita daga sito, a manhajar adana bayanai ta Microsoft Access muke haɗa shi, shafi cike da sifili har ido ya gaji. Maigidana ya ce in kawar da su, ya samu ganin lambobin da ke da amfani. Na shiga inda ake zaro bayanan, na rubuta IIf([adadi]=0, Null, [adadi]), wato duk inda adadin ya zama sifili a mayar da shi Null, ma'ana gurbin da babu komai a cikinsa. Sifili suka ɓace, rahoto ya yi fes.

Jimla kaɗai na duba. Ta fito daidai da ta da, hankalina ya kwanta. To ai dole ta fito daidai, tunda Sum, mai haɗa jimla, bai damu da sifili ko Null ba. Avg kuwa, mai fitar da matsakaici, tsallake Null yake yi, ba ya ƙirga shi sam. Na san wannan tun tuni, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai.

Akwai wani kaya da ya fita guda 600 cikin kwana 30, a kwana 10 daga ciki ko ɗaya bai fita ba. Matsakaicinsa 20 ne a rana. Rahotona ya raba 600 gida 20, ya rubuta 30. Da wannan 30 ɗin aka yi odar wata mai zuwa. Sai da kwalaye suka taru har bakin ƙofa, mai kula da sito ya zo da littafinsa na hannu ya ajiye mini a tebur, ya ce, "Malam, duba nan, lissafinka da nawa ba su haɗu ba." Nasa ne daidai.

Ranar da ba a fitar da komai ba ita ma rana ce, ni kuma na share ta daga lissafi ba tare da na sani ba. Na mayar da adadin yadda yake, na koma kan akwatin da ke nuna shi a rahoton, na sa masa Format, wato tsarin yadda lamba ke bayyana, mai kashi uku: #,##0;-#,##0;"". Kashi na uku, wanda na bar shi babu komai a ciki, shi ne na sifili. Ido ba ya ganinsa, amma yana nan a ƙarƙashi, Avg na ƙirga shi.

Idan IIf ɗin kake so, ka sa shi a akwatin nuni kaɗai, Avg kuma ya ɗauko daga asalin adadin. Ni yanzu kafin in miƙa kowane rahoto sai na ɗauki kaya ɗaya na raba da hannu, na gwada da abin da kwamfuta ta bayar.