A ƙarshe dai Sadiku ya daina zama ƙato cikin rigar jarumta

Jama'a, shafi na 14 na littafin labarin zane da nake yi a kan Sadiku ya fito, kuma wallahi ina alfahari da shi. Waɗanda suka ga zayyanar fensir da na ɗora kwanakin baya sun san inda abin ya cije mini. Sadiku yaro ne ɗan shekara 15, yaron shagon tela, siriri, mai jin kunyar haɗa ido da mutane. In yana shago yana ɗaura maɓalli, ba ni da matsala da shi. Amma da zarar ya sa kayan jarumta ya hau soro, sai hannuna ya ƙi ni. Ƙirji ya buɗe, wuya ya yi kauri, muƙamuƙi ya yi kusurwa, sai ga ɗan dambe mai shekara 30 yana kallona. Labarin kuwa gaba ɗayansa a kan yaron da ke koyon zama kansa ne. To ina amfanin labarin in zanen yana mayar da shi wani mutum daban a duk shafin faɗa?

Na fara da awo, kamar yadda kowa zai ce. Littafin koyon zane na Andrew Loomis na 1943, wanda ke auna tsawon mutum da tsawon kansa, ya ba ɗan shekara 15 tsawon kai 7 da rabi, babban mutum kai 8, jarumi kuwa har kai 9. Na ja layukan a leya (shimfiɗar zane) ta daban a ibisPaint, manhajar da nake zane da ita a waya, na matse Sadiku cikin 7 da rabi. Abin da ya fito gajeren ƙato ne. Haushi ya sa na rufe wayar.

Ashe ba a tsawo abin yake ba. Na koma kallon zanen Steve Ditko na Spider-Man na farko, na 1962, don shi ma yaron makaranta ne kuma an bar shi da ramarsa ko a cikin kayan. Abin da na lura shi ne wuya da wuyan hannu. Su ne ke tona shekaru. Sai kuma tafin hannu da ƙafa, waɗanda a wannan shekarun kan riga sauran jiki girma, shi ya sa za ka ga yaro da takalmi kamar na babansa a ƙarƙashin ƙwauri siriri. Na rage faɗin kafaɗa, na bar wuyan dogo da maƙogwaro a fili, na ƙara wa hannuwan girma kaɗan. Ya yi sauƙi, amma da na cike hoton da baƙi don in ga inuwarsa kawai, har yanzu tsayuwar ta manya ce: ƙafafu a ware, ƙirji gaba, haɓa sama. Duk littattafan da muka koyi zane da su haka suke tsayar da mutum, hannu ya riga ya haddace.

Maganin daga cikin labarin ya zo, ba daga awo ba. Dama na rubuta cewa yayansa Habu ne ya fara wannan aiki kafin ya bar gari. Me zai hana rigar ta zama ta Yaya Habu, ta yi wa Sadiku yawa? Nan take na kira ƙanena, na ba shi wata tsohuwar rigata ya sa, na ce ya hau kan benci. "Yaya, wai fim za a yi?" Na ce tsaya kawai kada ka motsa. Bai tsaya ba, kuma gara da bai tsaya ba. Yana ta jan hannun rigar sama yana sake zamowa, ɗinkin kafaɗa ya sauko har tsakiyar damtse, wuyan rigar ya karkace gefe guda har ƙashin wuya ya bayyana. Da na ce ya yi tsayuwar jarumi, ya yi ta na ɗan lokaci, sai ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ciki, hannu ya koma yana murza bakin riga. Wannan hoton na ɗauka, shi ne gida na uku, wato zane na uku, a shafin.

Ku lura da wannan in za ku gwada: riga mai yawa ba a kan tsoka take kwanciya ba, rataye take. Wurare biyu ke riƙe da ita, ƙarshen kafaɗu, daga nan duk ninkin ke gangarowa. In ka zana ninki yana zagaye ƙirji, ka sake ƙirƙiro ƙirjin da kake gudu. Irin yadin ma yana da magana. Na fara da shadda a raina, amma ninkinta mai kaifi ne, yana ba jiki kwarjini, wanda ba shi nake so ba tukuna. Na koma yadi mai laushi da ke zubowa. Shaddar na ajiye ta sai ƙarshen littafi, inda Sadiku zai ɗauki alli da almakashi ya rage rigar daidai jikinsa a keken maigidansa. Ban so in tsallake mataki ba, tsarina shi ne in gama fensir duka kafin in taɓa tawada, amma zumuɗi ya sa na riga na yi wa shafi na 14 tawada har na fara launi, alhali shafi na 9 zuwa 12 suna nan a ƙwarangwal. Su ma yanzu dole a sake musu riga.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne bugun gwaji. Na kai shafuka huɗu wani shagon buga takardu, aka caje ni N6,000, suka fito da duhu har ninkin da na sha wahala a kai ya narke cikin shuɗin rigar. A fuskar waya komai tas, a takarda kuwa dare. Zan haskaka shuɗin, in bar inuwa mataki biyu kawai.

Saura rubutun cikin da'irar magana. Salon haruffan da na sauke kyauta ba shi da Ƙ da Ɗ da Ɓ, akwati yake nuna mini a gurbinsu, don haka yanzu K da D da B nake bugawa ina bi ina lanƙwasa ƙugiyar da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sadiku kuwa ba ya buɗe baki bai ce "ɗan" ko "ƙwarai" ba. In akwai wanda ya taɓa ƙara haruffan nan da FontForge, manhajar gyaran salon haruffa, don Allah ya faɗa mini yadda ya daidaita tazarar ƙugiyar Ƙ, don tawa tana hawa kan harafin da ke biye da ita.