Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Motar da Injinta Yake Baya

A makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a garejin wani attajiri a Jidda, ƙarƙashin wani dattijo Bahaushen Sudan da kowa ke kira Baba. Ni da na tashi a kan Peugeot 504 a Kaduna, sai ga ni gaban motoci huɗu, dukansu Porsche 911, tsakanin babbarsu da autarsu shekara fiye da 20.

Baba ne ya warware mini zuriyarsu. A 1964 aka fara ƙera ta a Jamus, inji lita 2, silinda 6 a kwance, can baya, gaba kuwa but ne. Da 901 aka sa mata, Peugeot ta ce lamba uku mai sifili a tsakiya tata ce, dole aka koma 911. Tsohuwar maigida ta 1974 ce, shekarar da aka ɗora mata bamba mai kauri saboda dokar Amurka. Kusa da ita Turbo, wadda ta fito a 1975.

"Ɗan nan," in ji Baba, "wannan ba a ɗaga ƙafa daga totur ɗinta a tsakiyar kwana. Nauyin duk yana baya, sai dai ka ga gindinta ya riga ka."

Sai a 1989 aka fara sa wa 911 birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa, da sitiyari mai laushi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, uku daga cikinsu ba su da lagireto. Wata babbar fanka ce da fanbel ke juyawa take hura wa injin iska, sauran zafin kuma baƙin mai ya kwashe, fiye da lita 10. Ba a auna man sai inji ya yi zafi, yana kunne, motar na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Ƙirar 911 da ake kira 993 ce ta ƙarshe a wannan tsari, aka rufe ta a 1998.

Autar, 996, da ruwa take sanyaya inji, don dokokin hayaƙi da na ƙara sun matsa wa kamfanin. Lagiretocinta suna gaba, bayan bamba, kuma ƙura da leda ba sa barinsu. Ni ake turawa in kwance in share. Baba bai taɓa ƙaunarta ba. Ya ce muryarta ta mutu, fitilunta kuma kamar soyayyen ƙwai. Da alama ba shi kaɗai ba ne, don a 2004 an dawo da fitilu masu zagaye. Ni kam, Allah Ya gani, in rana ta take a cunkoson Jidda na fi son a ba ni ita, saboda a tsofaffin idona ba ya barin allurar zafin mai.

Ran wata Alhamis ɗan maigida, wanda bai daɗe da karɓar lasisi ba, ya shigo ya ce a ba shi makullin Turbo zai hau dutsen Ɗa'ifa. Baba ya dube ni, na dube shi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.