Tara littattafan Star Trek: daga kasuwar gwanjo zuwa waya

Shekaru da dama ke nan ina tara ƙagaggun littattafan Star Trek, shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai kumbo da kyaftin da balaguro cikin taurari. Yawancinsu ba maimaicin abin da aka haska ba ne, sababbin labarai ne da marubuta ke ƙagawa da jaruman shirin, bisa lasisin masu shi. A wurin masu kasa littattafan gwanjo na fara samunsu, cikin kwalayen da ke zuwa daga Amurka da Ingila, a cakuɗe da na soyayya da na leƙen asiri. Kusan duk wanda na tsinta a lokacin girmansu ɗaya: faɗi kamar santimita 11, tsawo 17 da ɗoriya, takarda mai araha mai saurin yin ja, bango mai taushi. Ɗan aljihu ne sosai, yana shiga aljihun kaftani lafiya lau.

Sai da na tara da ɗan yawa na fara lura da sunayen kamfanonin da ke jikinsu. Mafiya tsufa na Bantam ne, wanda ya fara a 1967 da mayar da shirye-shiryen talabijin ɗin zuwa gajerun labarai. Daga 1979 lasisin ya koma hannun Pocket Books, reshen maɗaba'ar Simon & Schuster, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin uwar kamfani ɗaya ce, Gulf and Western, ta mallaki maɗaba'ar da kuma Paramount mai shirin. Pocket ne ya sa wa littattafan lamba a bango, 1, 2, 3, har na ainihin shirin farko suka kusa kai ɗari. Lambar nan ita ta kama ni. In kana da 41 da 43, ba ka da sukuni sai ka ga 42. A shekarun 1990, lokacin da shirin ke tashe, littafi biyu suke fitarwa a wata.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi waɗannan littattafai suka yi yawa har suka malalo zuwa kasuwanninmu. Amsar tana cikin yadda ake sayar da ɗan aljihu a Amurka a wancan zamanin. Kamar mujalla ake rarraba shi: manyan kantuna, filayen jirgin sama, shagunan magani, rumfunan jarida. Ana buga shi da yawan gaske a sayar da araha. Wanda ya yi kwantai kuma ba a mayar da shi ɗungurungum, bangon kawai mai shago ke yagewa ya aika wa maɗaba'a a matsayin shaida, sauran a lalata. Shi ya sa a farkon littattafai da yawa za ka ga gargaɗi cewa wanda ya sayi littafin ba bango ya sani an riga an rubuta shi cikin waɗanda ba a sayar ba, marubuci bai samu ko sisi a kansa ba. Nakan ci karo da irin waɗannan tsirara a cikin kwali, kuma ba na saye. Amma masu bangon ma sun ishi kowa, don mutum ya sayi littafi mai araha a tasha, ya karanta a hanya, ya bayar sadaka, daga nan ya shiga kwantena. Da wannan ambaliya ni da ire-irena muka san labaran.

A bayan kowane littafi akwai farashinsa na asali, kuma in ka jera su za ka ga yana hawa sannu a hankali: dala 6.99 a farkon shekarun 2000, daga baya dala 7.99, inda ya daɗe a tsaye. Sababbin labarai masu kaurin bango na Pocket sun fara fitowa tun 1988, amma jefi-jefi ne, kuma in ka yi haƙuri yawanci ana sake buga su a ɗan aljihu. Wajen 2005, shekarar da shirin ya sauka daga talabijin, aka rage zuwa littafi ɗaya a wata. Haka aka tafi har sabon shirin Star Trek mai suna Discovery ya fito a 2017, littattafansa kuwa da babban girma suka zo. A 2018 abin ya kusa tsayawa cak saboda batun sabunta lasisi, 'yan ƙalilan ne suka fito. Da aka dawo a 2019, sai ga littattafan ƙarƙashin Gallery Books, wani reshen na Simon & Schuster, manya masu taushin bango, dala 16 kowanne. Ninki biyu ke nan.

Na fahimci dalilinsu, kuma ban ga abin zargi a ciki ba. Wuraren da ake kasa ɗan aljihu sun ragu a kantunan Amurka, masu karanta shi da yawa sun koma karatu a waya, ribar da ke kan kwafi ɗaya kuma ƙarama ce, ba ta isa sai an sayar da dubbai masu yawa. In masu saye sun ragu suka zama 'yan gani-kashe-nin shirin kawai, dole a buga kaɗan a sa kuɗi. Kuma gaskiya babban littafin ya fi daɗin riƙewa. Rubutun ya fi girma, takardar ta fi kyau, ba ya ɓarewa daga tsakiya bayan karatu biyu. Sai dai labarin da ke ciki bai ƙaru da komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai karatu na biyu da na uku, wanda ba ya cikin lissafin kowa. Wanda ya biya dala 16 don yana son shirin, ajiyewa yake yi a kanta. Kwafin da aka buga ba su da yawa, waɗanda ke fita gwanjo sun fi ƙaranci, waɗanda ke tsallako teku kuwa sai an dace. Ni dai tun da aka sauya girman ban cika ganin sababbi a wurin masu kasawa ba. Ga nauyi, wanda ke ƙara kuɗin aikowa. Ga naira da ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023. Yaron da zai tsinci irin wannan labari a bakin titi da kuɗin tara, kamar yadda na tsinta, hanyarsa ta ƙuntata. Mun ga makamancin haka a gida, da littattafan Hausa masu araha da ake bugawa kashi-kashi a Kano suka yi ƙaura zuwa WhatsApp: labari bai mutu ba, amma mai wucewa ya daina tuntuɓe da shi.

Yanzu ga yadda nake yi. Tsofaffi na bar wa gwanjo, na kuma saba da masu sayarwa har suna ware mini in sun buɗe sabon kwali. Nakan duba ƙashin bayan littafin da kyau, domin gam ɗin ɗan aljihu ba ya jure zafinmu, yana bushewa shafuka su zube. Sababbi kuwa a waya nake karanta su. Maɗaba'ar ta saba karya farashin wasu littattafan Star Trek na lantarki wata-wata, don haka ina da jerin waɗanda nake jira, in sun faɗo in ɗauka. Sai dai rangwamen ba a kowace ƙasa yake bayyana ba, kuma katin banki na naira ya sha ƙin aiki a shafukan waje, saboda haka mutum ya gwada kafin ya sa rai. Na takarda sai wanda na riga na karanta na tabbatar zan sake komawa kansa, shi nake saƙo wa matafiyi. In zan yi saƙon, lambar ISBN, wato lambar shaidar bugu da ke bayan littafi, nake turawa, ba suna kawai ba, tunda kowane irin bugu da tasa lambar, kuma littafi ɗaya yana iya samuwa a girma biyu ko uku da farashi daban-daban.

Akwai wani sauyin da ya rage mini kashe kuɗi ba tare da na nema ba. Daga 2001 marubutan sun riƙa ci gaba da labarin daga inda talabijin ya tsaya, littafi na bin littafi, ana aure ana haihuwa ana mutuwa, wanda ya tsallake ɗaya sai ya ɓata. Shekara ashirin ana haka. Da wani sabon shirin Star Trek mai suna Picard ya fito a 2020 da nasa tarihin da ya saɓa wa na littattafan, sai aka rufe wancan dogon zaren da littattafai uku a 2021. Na ji zafin rufewar, don na shaƙu da mutanen cikinsa. Amma na yanzu yawanci kowanne cin gashin kansa yake yi, kana iya sayen wanda ya burge ka ka bar saura. Wanda ya tsinci na tsakanin 2001 da 2021 a kwali kuwa, ya duba shekarar bugu da bayanin da ake sawa a farkon littafin na lokacin da labarin ya faru, don yawancinsu ba su da lamba a bango, kuma karanta su a hargitse yana tona ƙarshen waɗanda suka gabace su.